Zauren Ɗalibai: "Malam, na'ura ta ce kashi 41 na kundina sata ne, ni kuwa ban saci komai ba"

Assalamu alaikum. Lokacin kundi ya zo, duk wanda ke aji huɗu ya rame, saƙonnin da suka shigo mana wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato satar fasaha da yadda ake kawo madogara. Na tsinci waɗanda suka fi maimaituwa, na cire sunaye da sunayen makarantu kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wata ɗaliba 'yar aji huɗu, Gusau: Malam barka da aiki, dan Allah a taimaka min wallahi kwana uku ban yi barcin kirki ba, na kai wa sufabaiza babi na ɗaya zuwa na uku aka saka a Turnitin ya fito kashi 41 shi kuma sashenmu sun ce kar ya wuce 20, ni kuma ban je kafe na sayi komai ba da kaina na zauna na haɗa daga littattafai da intanet, kuma duk na jera su a manazarta a ƙarshe. Wata ƙawata ta ce in saka a manhajar da ke canza kalmomi zai sauko, in yi?

Amsa: 'Yata ki kwantar da hankalinki tukuna ki sha ruwa. Turnitin ba alƙali ba ne, bai san sata ba bai san halal ba, abin da yake yi kawai shi ne ya ɗauki rubutunki ya gwada da abin da ke rumbunsa, shafukan intanet da mujallun ilimi da ayyukan ɗaliban da aka taɓa sakawa, duk inda ya ga jimla ta yi kama da wata sai ya shafa mata launi. Sunan makarantarku zai iya shafa masa launi, jerin manazartarki ma haka, har maganar da kika ɗauko kika sa mata alamar zancen wani yadda ya kamata. Akwai wurin da ake latsawa a ce masa ya tsallake manazarta da zantukan da aka yi wa alama, to ki fara roƙon a yi miki wannan, sau da yawa lambar takan faɗo. Kuma ki ce a ba ki cikakken rahoton mai launuka, ba lambar kaɗai ba, domin 41 ɗin da ya taru daga kashi ɗaya nan kashi ɗaya can daban yake da 41 ɗin da kashi 30 nasa daga kundi guda ya fito.

Amma fa akwai wata kalma a saƙonki da ta tsaya min a rai, kin ce "na haɗa". A nan gizo ke saƙar. Da yawan ɗalibanmu abin da suka ɗauka bitar ayyukan da suka gabata shi ne a yanko sakin layi daga nan, a yanko daga can, a ɗinke kamar bargon tsumma, sannan a jera sunayen littattafan a ƙarshe a ce ai na ambace su. Jera su a ƙarshe bai wadatar ba. Mai karatu yana kan shafi na 14, yana son ya san wannan jimlar da ke gabansa ta wace ce, taki ce ko ta wani, ba zai tafi shafi na 70 ya yi ta duba ba. In kalmomin mutum kika ɗauko yadda suke, ki sa su cikin alamar zancen wani, ki sa sunansa da shekara da shafi a wurin. In ra'ayinsa kika ɗauka kika faɗa da bakinki, ba alamar zance amma suna da shekara suna nan daram. In kika kwafo kalmominsa kika sa sunansa amma ba ki sa alamar zance ba, har yanzu da sauran laifi, don kin nuna kamar tunanin nasa ne amma ginin jimlar naki, alhali duka biyun nasa ne.

Ita kuwa manhajar ƙawarki, a'a. Abin da take yi shi ne ta cire kalma ta sa 'yar uwarta ba tare da ta san me ake magana a kai ba, kamar a ce a Hausa kin rubuta ciwon sukari ta mayar miki da rashin lafiyar zaƙi, ko ruwan sama ya koma ruwan bene. Lambar za ta iya sauka, amma duk malamin da ya karanta layi biyu zai gane an yi wa rubutun wankin kai, kuma satar tana nan ba ta je ko'ina ba, kaya ne aka sake wa buhu. Abin da nake sa ɗalibaina su yi mai sauƙi ne amma yana cin lokaci: ki karanta sakin layin sau biyu ko uku, ki rufe littafin ki kife wayar, ki faɗa da Hausa da ƙarfi kamar kina yi wa ƙanwarki bayani, sannan ki rubuta abin da kika faɗa da Turancinki, ki sa madogara, sai ki buɗe ki duba ko kin karkata ma'anar. In kin kasa faɗa da Hausa to ba ki gane ba tukuna, ki koma ki sake karantawa. Turancin zai fito ba shi da ƙyalƙyali kamar na farfesan da kika karanta, ba komai, sufabaiza ya san ke ba farfesa ba ce.

Tambaya daga wani ɗalibi, Funtuwa: Malam mu fa gaskiya a ajinmu kusan kowa kafe yake zuwa, akwai mai shagon da ke da tsofaffin furojet a kwamfutarsa ka biya ya canza maka suna da garin da aka yi binciken shikenan, kuma waɗanda suka yi haka bara har sun tafi bautar ƙasa. Ni kuɗin raba takardun tambayoyi ma ba ni da su. Wa zai kama ni?

Amsa: Ƙanena ba zan yi maka ƙarya ba, mai yiwuwa ba wanda zai kama ka bana. Malami ɗaya da ɗalibai talatin a wuyansa ga darussa ga makin jarrabawa, ba kowane shafi yake karantawa ba, mu ma muna da namu laifin. Sai dai shi kundi ba ya ruɓewa, yana nan a laburare da sunanka a bango da ruwan zinare, yanzu kuma makarantu sai ɗora su suke yi a intanet. A Jamus an yi ministan tsaro, Karl-Theodor zu Guttenberg, matashi ne da ake ganin zai iya zama shugaban gwamnati, a 2011 aka gano ya kwashi kundin digirinsa na dakta daga rubuce-rubucen mutane, Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin a watan Fabrairu, ranar 1 ga Maris ya ajiye muƙami. Bayan shekara biyu sai ga ministar ilimi da kanta, Annette Schavan, ita kundin nata tun 1980 ta rubuta shi, shekara 33 yana ajiye kafin Jami'ar Düsseldorf ta soke digirin a 2013, ita ma ta sauka. Shugaban ƙasar Hungary ma, Pál Schmitt, haka ya rasa kujerarsa a 2012. Duk cikinsu ba wanda aka kama ranar difens, wato ranar kare kundi a gaban malamai, sai da suka zama wasu sannan aka tono. Kai yanzu ba kowa ba ne shi ya sa ba mai nemanka, ranar da ka fito takarar ɗan majalisa ko aka sa sunanka a wani muƙami, abokan hamayya har takardar firamarenka sai sun binciko.

Mu nan gida ma mun gani ai. A watan Satumban 2016 marigayi shugaba Buhari ya karanta jawabin ƙaddamar da shirin nan na cewa canji daga kaina zai fara, sai aka gano wani yanki an ɗauko shi daga jawabin da Obama ya yi daren da ya ci zaɓe a 2008. Fadar shugaban ƙasa ta amsa an yi kuskuren, ta ɗora laifin kan wani ma'aikaci. Jawabin gyaran hali ne fa, ka ga irin kunyar.

Kuma shi mai kafe ba kai kaɗai ya sayar wa ba. Na taɓa zama a difens aka kawo kundi biyu daga ɗalibai biyu, ɗaya ya ce a wannan ƙaramar hukuma ya yi bincike ɗaya ya ce a waccan, amma jadawalinsu iri ɗaya sak har kuskuren lissafin da ke ciki. Wani kuma ko shafin sadaukarwa bai duba ba, ya sadaukar da aikin ga mahaifinsa marigayi, alhali mahaifin nasa ne ya kawo shi a babur da safen nan. Duka sun maimaita shekara, kuma an yi musu sauƙi ne, dokokin jami'o'i da yawa sun ba da damar kora.

Batun kuɗi kuwa gaskiyarka ne, amma maganinsa ka je wa sufabaiza ka ce Malam ga ƙarfina, a rage faɗin binciken. Makaranta biyu a unguwarku da ka taka da ƙafarka ka yi hira da malamai goma sun fi jiha guda ta ƙarya. Kar kuma ka zauna a ɗaki ka cike takardun tambayoyi ɗari da biro kala uku, wannan ƙirƙirar bayanai ce, a wurina ta fi kwafen muni.

Tambaya daga wani ɗalibin nazarin addinin Musulunci, Azare: Malam ni a ganina wannan abin duk tsarin Turawa ne, ilimi ai na Allah ne ba na wani ba, malamanmu na da suna ɗauko magana daga littattafan juna ba wanda ya ce musu ɓarayi. Me ya sa za a takura mana da wani tsarin kawo madogara wai shi APA?

Amsa: Malam ƙarami, da wani ne ya yi wannan tambayar da na yi masa uzuri, amma kai da kake karanta Musɗalahul Hadisi? Isnadi fa? Tun kafin a san za a yi wata ƙasa wai ita Amurka malaman hadisi suke cewa wane ya ba ni labari daga wane daga wane, kuma in mutum ɗaya ya faɗi a silsilar sai darajar hadisin ta taɓu. A gabatarwar Sahihu Muslim akwai maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Har suna suka ba wa mai ɓoye wanda ya ji magana daga gare shi, suka ce yana tadlisi, akwai ma wanda suke kira ɓarawon hadisi. Imam Suyuɗi, wanda kake karanta tafsirinsa duk azumi, sai da ya rubuta risala sukutum, Alfariƙu bainal Musannifi was Sariƙ, wato mai rarrabewa tsakanin mawallafi da ɓarawo, saboda wani ya kwashi littattafansa bai ambace shi ba. Malamai kuma sun sha faɗa cewa yana daga albarkar ilimi a jingina magana ga mai ita.

A ƙasarmu ma haka aka gada. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukh don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta. Ka buɗe littattafan Shehu Usmanu ka gani, wane ya ce a littafi kaza, in maganar ta ƙare a rubuta intaha don ka san nan zancen wancan ya tsaya, nan nasa ya ci gaba. Wannan intaha ɗin ita ce alamar rufe zance da nake fama da ɗalibai su sa. Marubuta waƙoƙinmu na Hausa ma sukan rufe da cewa in an tambayi wanda ya yi waƙar ga sunansa, wani har da ramzin shekara, wato haruffan da ke nuna shekarar da aka yi waƙar. To ilimi na Allah ne, ba musu, amma digirin da za a ba ka shaida ce cewa kai ka yi wannan aikin, in ba kai ka yi ba ka karɓi shaidar zur, kuma ka san hadisin wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

APA kuwa tsari ne kawai na wata ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, yadda za a jera suna da shekara don kowa ya gane, bugu na 7 ake yayi yanzu wanda ya fito ƙarshen 2019. Ba wahayi ba ne. Wasu sassan wani tsarin mai suna MLA suke bi, 'yan likitanci da injiniya da yawa lambobi suke sawa, 'yan shari'a suna da na ƙungiyar malaman shari'a ta Najeriya. Ka tambayi sashenku wanne suke so ka bi shi daga farko har ƙarshe, kar ka gauraya. Kuma hadisi in ka kawo ka faɗi littafi da babi ko lamba, "ya zo a hadisi" ta wurin wa'azi ce ba ta kundi ba.

Tambaya daga wata ɗaliba, Maraɗi: Malam ina gaisuwa, ni da Faransanci nake rubuta memuwar ɗina, wato kundina, na samu wani kundi na Najeriya da Turancin Ingilishi a kan maganar da nake bincike, in na fassara da kaina ai ya zama aikina ko? Na'ura ma ba za ta gani ba.

Amsa: Ina amsawa 'yata, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Wahalar fassarar taki ce, tunanin da binciken na mai kundin ne. Ki ambace shi, in jimlarsa kika fassara kai tsaye ki sa alamar zance ki ƙara da cewa fassarar taki ce. 'Yan sashen Hausa na nan Najeriya ku ma da ku nake, masu juya littafin Turanci zuwa Hausa su miƙa a matsayin babi na biyu, malaman naku sun karanta littafin nan tun kuna firamare.

Tambaya daga wani ɗalibin sashen Hausa, Haɗeja: Ranka ya daɗe bincikena a kan sana'ar ƙira ne kuma yawancin abin da na samu daga bakin tsofaffi ne har da kakana, ya zan sa su a madogara tunda ba littafi suka rubuta ba? Sannan in na ga maganar Bargery a cikin littafin wani amma ban ga ƙamus ɗin da idona ba wa zan rubuta? Karin magana ma sai na ce wa ya faɗa?

Amsa: Yauwa, irin tambayar da nake so ke nan. Kakanka madogara ne cikakke, a kan ƙira ma ya fi littattafai da yawa. Ka rubuta sunansa, shekarunsa, sana'arsa, inda kuka yi hirar da ranar, sassan Hausa da na tarihi galibi suna ware shafi na waɗanda aka yi hira da su. A tsarin APA zalla hirar da mai karatu ba zai iya komawa ya samu ba a cikin rubutu kawai ake ambatonta ba a manazarta ba, shi ya sa na ce a bi abin da sashe ya tsara. Ka nemi izininsu kafin ka naɗi murya, wanda ya ce kar a sa sunansa ka sakaya, kuma ka adana muryoyin a wuri biyu don waya ba ta da amana. Abin da ke ba ni haushi shi ne ɗalibi ya kwashe sirrin sana'a daga bakin tsoho ya rubuta kamar shi ya gano, tsohon ko a shafin godiya bai fito ba amma an gode wa abokan ɗaki su takwas.

Na Bargery, ƙamus ɗinsa na Hausa na 1934 ne, in a littafin nahawun Hausa na Newman na 2000 ka ga maganar misali, sai ka rubuta Bargery 1934 kamar yadda Newman 2000 ya kawo, shafi kaza, a manazarta kuma Newman za ka sa don shi ka karanta. Kar ka jera littafin da ba ka taɓa riƙewa ba, mai jarrabawa na waje yana iya cewa ɗauko min shi, ko ya tambaye ka launin bangonsa don tsokana. In da hali ma ka je laburare ka duba asalin, wani lokaci wanda ya kawo maganar shi ma ya yi kuskure. Karin magana kuwa na kowa ne, ba mai shi, kamar yadda ba ka buƙatar madogara don ka ce Najeriya ta samu 'yanci a 1960. Amma in fashin baƙin karin maganar ka ɗauko daga wani marubuci, ko jerin da wani ya sha wahala ya tattara, wannan nasa ne.

Wata shawara da ba ka tambaya ba: duk abin da ka karanta ka rubuta marubuci da shekara da shafi a take a wurin, ko ka ɗauki hoton bangon littafin da shafin. Rabin satar da nake gani ba mugunta ba ce, mutum ne ya kwafi abu a littafin rubutunsa wata huɗu da suka wuce ya manta daga ina, har ya ɗauka nasa ne. In kana da kwamfuta ka sauke Zotero, kyauta ne, yana ajiye maka su ya jera maka manazarta. Google Scholar ma yana ba da madogara a shirye, sai dai ka duba don yakan yi kuskuren suna ko shekara.

Tambaya daga wani ɗalibi, Kwantagora: Malam ChatGPT fa? Shi ai ba mutum ba ne balle a ce na saci aikinsa, kuma har manazarta yake ba ni.

Amsa: Manazartar nan ita ce ramin. Yakan ƙirƙiro sunan marubuci da mujalla da shekara da shafi, komai tsaf kamar gaske, ka je nema ka tarar babu wannan takardar a duniya. A 2023 wasu lauyoyi a New York sun kai wa kotu takarda da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro musu, a wata ƙara da aka kai kamfanin jiragen sama na Avianca, alƙali ya nema bai samu ba, aka ci su tarar dala 5,000 ga zubewar mutunci. Lauyoyi ke nan masu lasisi. Duk madogarar da ya ba ka, in ba ka buɗe ta ka karanta da idonka ba kar ta shiga kundinka.

Cewa shi ba mutum ba ne kuma bai canza komai ba, ka sa hannu a shafin farko cewa kai ka rubuta. In ka ce ya yi maka bayanin abin da ba ka gane ba, ko ya nuna maka inda nahawunka ya karye, ni ban ga laifi ba matuƙar sashenku bai hana ba, ka tambayi sufabaiza tun wuri kuma ka faɗa in ka yi amfani da shi. Amma ya rubuta babi ka miƙa, ranar difens za a ce rufe kundin, faɗa mana me kake nufi da wannan kalmar ta shafi na 9, a nan ake jin ɗakin ya yi tsit.

Tambaya daga wata ɗaliba, Potiskum: Asaimen ɗin da na yi a aji uku na samu A, zan iya sa shi a kundina? Kuma ƙawata ta ce in tura mata nawa na wannan zangon ta ga yadda na tsara.

Amsa: Na farko ki gaya wa sufabaiza, in ya yarda ki faɗaɗa shi ki ambata cewa daga aikinki na baya ya samo asali, a ɓoye ne ba a so don an riga an ba ki maki a kansa sau ɗaya, kuma in an taɓa saka shi a na'ura zai fito a matsayin kwafe. Na biyu kar ki tura fayil ɗin, in aka ga biyu iri ɗaya malami ba shi da lokacin binciken wa ya riga wa, ku biyun za a ba sifili. Ki kira ta ɗakinku ki nuna mata tsarin a takarda, ta koma ta rubuta nata.

Mai tambaya daga Damaturu kan sufabaizan da ya buga kundinsa a mujalla da sunansa shi kaɗai, saƙonka ya iso, ka ajiye duk kwafin da ya yi maka gyara da jan biro da saƙonnin da kuka yi, wata mai zuwa da shi za mu fara in Allah ya kai mu.